Ungozomar Tabotaki

"Ban yarda ba, kuma ba ni yarda."

Abin da Mairamu take faɗa wa 'yarta Saude ke nan tun saukar ruwan farko, har gero ya fidda kai, har aka yanke shi aka ɗaure dammuna. Ba ta taɓa ƙara kalma ɗaya a kai ba. In aka matsa mata da neman dalili, sai ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar tsakar gidan da ta riga ta share tun da safe.

Yau ma hakan ta yi. Saude ta bi ta, ta riƙe bakin tsintsiyar.

"Inna, don girman Allah ki tsaya. Baba ya yarda, kawunnai sun yarda, an sa rana. Ke kaɗai kinka rage. Mi Hamidu yay yi miki?"

"Bai yi mini komi ba."

"Ɓarawo na?"

"A'a."

"Ba shi salla?"

"Shina yi."

"To ina laihinai?"

Mairamu ta fizge tsintsiyarta. "Ga Ɗangana nan, ɗan yayata, mutum da sana'atai a kasuwar Madawa. In kina so nai, ki aure shi. In ba ki so, ki zaɓi wani, ko kuturu na, ni da hannuna za ni kai ki ɗaki. Amma ba wanga yaro ba."

Saude ta saki kuka, ta shige ɗaki.

Duk wanda ya san Mairamu a garin Tama ya san ba muguwar mace ba ce. Ita ce mai aika wa maƙwabta tuwo ba a roƙa ba. Shi ya sa ƙiyayyar da take wa Hamidu ta ɗaure wa kowa kai, har wasu suka yanke cewa kwaɗayin atamfofin Ɗangana ne ya rufe mata ido. Mutane ba su rasa bayani ko da ba su san komai ba.

Shi Hamidu maraya ne. Uwarsa Husaina ta rasu yana jinjiri, ubansa ya bi ayari kudu bai dawo ba, ya tashi a hannun kaka, daga nan ya koma hannun kawu. Shekarar da kumandan, Nasara mai mulkin ƙasar, ya aiko a ba da yara su tafi lakwal, wato makarantar boko, a Madawa, maigari ya duba gari kaf, ya zaɓo yaron da babu mai yi wa kuka. Haka Hamidu ya tafi. Ya dawo da Faransanci a baki, da gajeren wando, da tafin hannu mai laushi irin na jarirai.

Bayan an gama yaƙin Nasara sai ga wani baƙo ya sauka Tama. Ba soja ba ne, ba ya karɓar haraji, ba ya neman mutanen aikin hanya. Malami ne daga wata babbar makaranta ta ƙasar Faransa, daga sashen da ake karantar al'adun mutane, yadda suke aure da haihuwa da gado da zumunci. Ya zo da ɗalibansa biyu, suna zana rumbuna, suna auna ɗakuna, rana tana ƙona su har suka koma kalar manja. Mutanen Tama suka sa masa suna Nasaran Tambaya, ya ɗauki Hamidu tafinta.

Nasaran nan yana da wata ɗabi'a. Ba ya karɓar "haka ake yi." In ka ce masa haka ake yi, sai ya ɗaga yatsa ya ce, wa ya yi, ɗan wa, a gidan wa? Hamidu ya kwashi wannan ɗabi'a gaba ɗaya, har yana alfahari da ita. Nasaran ya yaba da shi ƙwarai, har ya ce in an gama zai tafi da shi Dakar, ya ci gaba da aikin a can.

Malam Mahaman, uban Saude, da farko ko gaisuwar yaron ba ya amsawa. Ɗan lakwal, bawan Nasara, ba gona ba garke? Amma Hamidu ya tuɓe rigarsa ya shiga gonar Malam damina guda, hannunsa ya yi kanta ya fashe ya sake yi, bai fasa ba. Sannan ya durƙusa gaban dattawa ya yi alkawari ba zai je Dakar ba, zai zauna Tama ya yi noma. Malam ya dube shi ya ce ya ba shi. Aka sa rana bayan an shigar da dawa rumbu.

Da la'asar ta yi sanyi Saude ta ɗauki ƙwarya ta gangara garka tsinkar yakuwa. Hamidu yana can bakin rijiyar fadama, wai ya zo duba albasar kawunsa, albasar da bai san ranar da aka dasa ta ba.

"Kin yi kuka," in ji shi.

"Hayaƙin murhu na."

"Hayaƙin Inna dai."

Ta yi murmushin da bai kai ido ba. "Ɗan lakwal, ni na gaji. Uwar da tah haihe ni tana ganinka ta juya baya awa ta ga maciji. Ƙaƙa za ni shiga ɗakinka babu albarkarta?"

"Za ta sauko. Baba ma ya sauko."

"Baba da ya ƙi ka, ya hwaɗi dalili. Ita ba ta hwaɗi ba. Abin ga shi ka ba ni tsoro."

Kafin ya amsa sai suka ji takun doki. Ɗangana ne, ya sha rawani, ƙanshin turarensa ya riga shi isowa. Ya ja linzami ya dube su daga sama.

"Ƙanwata, sannu da aiki. Tahinta, yau ba a ƙirga haƙoran tsohi?"

"Gobe dai, in Allah ya kai mu," in ji Hamidu. "Ka zo a ƙirga naka."

"Ni ina da haƙuri," in ji Ɗangana, yana kallon Saude. "Innata Mairamu tana bayana. Wanda uwa ba ta so, ko an ɗaura sai an kwance."

Ya kaɗa dokinsa ya wuce. Saude ta bi shi da harara.

"Rabu da shi," in ji Hamidu. "Saura zama guda mu ƙare da Nasara. Shina son tsohin mata su ba shi labarin haihuwa da goyo. Zai yanka rago na bankwana, gari duka a ci. Daga nan na aje aikin, na zama naki da na gona."

"Tsohin garin ga sun gaji da ku."

"Shi ya sa za ni Tabotaki in ɗauko Gogo Zali."

Gogo Zali ita ce tsohuwar ungozomar Tama. Rabin garin ita ta yanke wa cibiya. Tun da idonta ya fara mutuwa 'yarta ta ɗauke ta zuwa Tabotaki, shekaru masu yawa ke nan, har yaran yanzu ba su san ta ba sai a labari. Babu wanda ya ce Hamidu ya je. Shi ya tuna da ita, shi ya ba Nasara shawara, shi ya ari jaki. Ya so ya rufe aikinsa da abin yabo.

Ya same ta zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gujiya da lalube. Da ya gaishe ta ya faɗi abin da ya kawo shi, sai ta ce, "Kai ɗan wa?"

"Ɗan Husaina, wadda tar rasu da jego."

Tsohuwa ta saki gujiyar. Ta miƙo hannu ta shafa fuskarsa, goshi da hanci da gemun da bai gama fitowa ba, hawaye suka biyo ramukan kumatunta.

"Ashe ka rayu. Allah mai iko. Zamna nan, ɗana, akwai labarinka ga bakina."

Da ya zauna, da abin ya tsaya tsakaninsu su biyu a inuwar rumbu. Amma Nasara ya koya masa cewa labari ya fi daɗi a faɗar farko, kada tafinta ya bari a zubar da shi a hanya. Sai ya yi dariya ya ce, "Aje shi, Gogo. Kada ki hwaɗa mini komi sai gaban Nasara. Shi ka sayen labari."

"To, ɗan zamani," in ji ta.

Shi kuma bai gaya mata an sa masa rana ba. Wane saurayi mai kunya ne zai buɗe baki ya yi wa sa'ar kakarsa zancen aurensa?

Suka kwana Tabotaki, suka yi sammako. Hantsi ya ɗaga suka shigo Tama, kai tsaye ƙofar maigari, inda aka riga aka taru ƙarƙashin tsamiya. Mata manya a kan tabarmi gefe guda, maza a ɗaya gefen suna jiran nama, ɗaliban Nasara suna rabon goro da sukari suna gaisuwa da Hausar da ke sa yara dariya. 'Yan mata suna kai da kawo da ƙoren ruwa, Saude a cikinsu.

Mairamu tana tsakiyar mata. Da ta ga wadda ake saukowa da ita daga kan jaki sai ta yunƙura za ta tashi. Amma ta fasa. Ta koma ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Aka fara. Nasara yana tambaya da Faransanci, Hamidu yana juyawa, Gogo Zali tana amsawa da murya mai ƙarfi irin ta wanda kunnensa ya yi nauyi. Ta faɗi yadda ake binne mabiyiya, da ruwan wankan jego, da kunun kanwa. Mata suna dariya suna rufe baki. Nasara sai gyaɗa kai yake, Hamidu kuwa ƙirjinsa ya cika, ya kawo gwana.

Sai Nasara ya yi wata tambaya, Hamidu ya juya ta.

"Gogo, wai in uwa ta rasu ta bar jinjiri, wa ka shayar da shi?"

"Kaka, in da sauran ƙarhinta. A dahwa mata saiwa ta sha, nono shi zo. In babu kaka, akuya. In babu akuya, sai wadda Allah yat taɓa ma zuciya."

Nasara ya ji, ya ɗaga yatsa. Hamidu bai ma jira ya yi magana ba.

"Gogo, shi wanga ba shi cin 'haka aka yi.' Suna shika so. Wa anka shayar, wa tas shayar da shi, gidan wa?"

Tsohuwa ta yi dariya har ganin dasashi. "Wane suna kuma, ga ka tsaye? Ai labarin da kah hana ni hwaɗi ke nan. Ran da Husaina tac cika, kuka kakai har murya ta ɗashe. Rani na, awaki sun ƙahe, kakarka tana can Keita. Nid ɗauke ka cikin zane nish shiga gidan Mahaman, shi ya tahi hwatauci Kwanni. Mairamu tana goyon ɗanta na hwari, wanda bai zamna ba daga baya. Ni da hannuna na aza ka ga ƙirjinta. Ka sha har ka yi kwana. Kullum haka, har kakarka taz zo ta amshe ka." Ta juya fuskarta wajen mata. "Mairamu tana nan? Allah shi biya ki, ɗiyata. Ga ɗanki ya zama mutum."

Wurin ya yi tsit. Wani tsoho ya ce, "Innalillahi," a hankali. A bayan mata ƙwarya ta suɓuce daga hannun Saude, ruwa ya malale ƙarƙashin tabarmi, babu wadda ta matsa.

Nasara ya dubi jama'a, ya dubi Hamidu. "Me ta ce?"

Hamidu ya dubi wajen da Saude take tsaye.

"Hamidu, me ta ce? Kalma da kalma, kamar kullum."

Ya juya masa, kalma da kalma, kamar kullum. Muryarsa ba ta yi rawa ba, kamar labarin wani yake bayarwa. Fuskar Nasara ta haskaka da murna. Ya ce wannan shi ne misali mafi kyau da ya samu tun zuwansa, ya kira ɗalibansa su matso, sannan ya sake duban Hamidu.

"To a wurinku, 'ya'yan wannan matar, me suka zama gare ka?"

Daga gefen maza sai muryar Ɗangana ta taso, ba da ƙarfi ba, yadda dai kowa zai ji.

"Ko ban ji Nasaranci ba na san abin da anka tambaye ka. Hwaɗa mai mana, tahinta. Aikinka na."

"Ƙannena ne," in ji Hamidu da Faransanci. "Babu aure tsakaninmu."

Gogo Zali ta ji shirun ya yi yawa, ta lalubi hannun matar da ke kusa da ita. "Mi yaf faru? Na hwaɗi abin da ba shi ba?"

Aka raɗa mata a kunne. Tsohuwa ta ɗora hannu biyu a ka.

Naman ragon Nasara ranar nan yara da karnuka suka ci shi. Liman ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce kada kowa ya yi gaggawa. Maganar mace ɗaya ba ta rushe aure a shari'a, balle tsohuwar da shekaru suka yi wa yawa. Amma in mai nonon ta tabbatar da bakinta, mata biyu ke nan, gari kuma ya ji, magana ta ƙare. Ya ce bayan la'asar zai zo zauren Malam Mahaman ya tambaye ta.

Saude ta sami uwarta a ɗaki, zaune bakin gado, ta juya wa ƙofa baya.

"Gaskiya ta, Inna?"

Mairamu ba ta juyo ba.

"Inna, ki dube ni. Gaskiya ta?"

"Na ce miki ban yarda ba. Tun hwarko na ce miki."

"Kin ce ba ki yarda ba, ba ki ce wana na ba." Saude ta zube a ƙasa ta riƙe ƙafafunta. "Ran da yaf fara tsayawa ƙohwar gidan ga, da kin kira ni kin hwaɗa mini kalma guda, wallahi da ban so shi ba. Kinka bar ni. Kinka bar ni ina kwana da shi a rai ina tashi da shi. Kinka ga hannunai na jini a gonar Baba, kinka yi shiru. Don mi?"

Mairamu ta fara kuka, irin kukan manya da ba shi da sauti.

"Da wane baki za ni hwaɗi? In na hwaɗi sai na yi zancen wancan, na hwari. Kin taɓa jin na ambace shi? Da rai nai ma ban taɓa kiran sunanai ba, ko ɗaukatai gaban mutane ban yi ba, don kunya. Balle ya tahi ya bar ni. Kuma ubanku ba shi gari, ban nemi izninai ba, na ba ɗan wani nonon ɗanai. Da namu yar rasu sai nic ce ko hakkinai na ci, ko abin da nib ba wancan shi yar rage mai. Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba. Na zaci in na tsaya bisa a'a, za ku gaji ku rabu."

"Ba mu gaji ba."

"Na gani."

Saude ta share fuska da bayan hannu, ta matso, ta rage murya.

"Inna, liman ya ce maganar mace guda ba ta isa ba. Gogo tsohuwa ta, ba ta gani, ba ta ji sosai. Ba na ce ki rantse ba. Ki ce dai ba ki tuna ba. Shekaru sun yi nisa, wa za shi ga laihinki? Ban taɓa roƙonki komi ba, ko zane. Wanga kaɗai nika roƙo."

"Ki shiga ɗakin aure da wanki? Ki haihi ɗiya da shi?"

"Ni ban sha nono tare da shi ba. Ko haihuwata ba a yi ba."

"Ƙirji guda na, Saude."

"Allah ya san ban sani ba."

"Yanzu kin sani."

Saude ta saki ƙafafun. Ta daɗe tana kallon uwarta, kallon da 'ya ba ta yi wa uwa.

"Tausai kinka ji mai shina jinjiri," in ji ta. "Ni ce ba ki ji ma ba."

Ta fita ta bayan gida, inda dangar kara ta raba su da hanya. Hamidu yana can tsaye a rana, ko hula babu. Tun da aka watse bai je ko'ina ba.

"Saude, saurara," in ji shi da sauri. "Nasara za shi Madawa gobe, daga can mota har Yamai, daga can Dakar. Ya ce wurina na nan. A can babu wanda yas san Gogo Zali, babu wanda yas san Tama. Akwai limamai a can, su ɗaura muna."

"Ka hwaɗa musu?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kai da ba ka cin 'haka aka yi,' sai an ba ka suna." Ta yi wata dariya mai ɗaci, hawaye na zuba. "Wa ya aike ka Tabotaki, Hamidu? Tsohuwa na zamne tana ɓarar gujiyatta, kak kwaso ta bisa jaki. Ta so ta hwaɗa maka ku biyu, kah hana ta. Ta ba da amsa ta ƙare, kac ce sai suna. Gaban Baba, gaban liman, gaban Ɗangana. Don Nasara shi ce maka madalla."

"Ban sani ba, Saude. Wallahi ban sani ba."

"Kowa bai sani ba. Ni kaɗai za ni biya."

"Da ban ɗauko ta ba, da an ɗaura. Da mun zamna cikin haram ba mu sani ba."

"Da mun zamna," in ji ta. "Allah shi gahwarta mini, da mun zamna."

Ya kama karan dangar da hannu biyu har suka karye. Bai taɓa ganin ta yi masa kyau kamar yanzu ba, kuma a karon farko ya ji tsoron kallonta. Ya kawar da ido.

"Mi Inna za ta ce?"

"Ban sani ba. Na roƙe ta ta yi ƙarya." Ta ja mayafinta. "Ka ga abin da kam maishe ni."

Aka kira la'asar.

Zauren Malam Mahaman ya cika. Liman yana kan buzu, kawunnai a jikin bango, Ɗangana ya sami wuri kusa da ƙofa yana jan carbi kamar mutumin kirki. Hamidu yana can ƙarshe, wajen takalma. Malam Mahaman yana zaune gefe, fuskarsa kamar an shafa toka.

Mairamu ta zo ta tsaya bayan asabarin da ya raba zaure da cikin gida. Ba a ganin komai nata sai ƙafafu.

"Mairamu," in ji liman, "kin ji abin da Zali tac ce. Ba a tilasta miki ba, ba a kuma nemi ki ƙara komi ba. Abin da kinka sani tsakaninki da Allah shi za ki hwaɗi. Kin shayar da yaron ga?"

Daga can cikin gida ana jin kukan Saude sama-sama. Hamidu ya runtse ido yana addu'a, shi kansa bai san wace amsa yake roƙo ba.

"In ba ki tuna ba, ki ce ba ki tuna ba," in ji liman a hankali.

Sai asabari ya ɗaga.

Mairamu ta shigo zaure fuska a buɗe. Dattawa suka sunkuyar da kai, domin uwar yarinya ba ta fitowa haka gaban mai neman 'yarta, ko a hanya suka haɗu sai ɗaya ya kauce. Ita kuwa ta tsaya ta dubi Hamidu sosai, kallon da ta hana kanta shekara da shekaru.

"Na tuna, Allah gahwarta Malam," in ji ta. "Na shayar da shi. Bisa na hagu shika sha, ba shi son na dama."

Liman ya shafa fuska. "To, babu aure. Ɗan'uwanta na har abada."

Malam Mahaman ya ɗago kai. "Kinka bar ni nis sa rana, Mairamu. Kinka bar ni na amshi goron mutane."

"Na bari, Malam. Abin da kag ga dama ka yi mini, na ɗauka."

Mutane suka fara miƙewa suna neman takalma, kowa yana gudun haɗa ido da wani. Ɗangana ya tsaya zai yi magana, liman ya kama hannun rigarsa ya fita da shi. Hamidu ya dafa bango zai bi su.

"Ina za ka?" in ji Mairamu.

Ya tsaya.

"Tun jiya ba ka ci komi ba, na sani. Shigo ciki ka ci tuwo. Gidan uwarka na."

Shekara biyu yana zuwa gidan nan, ƙafarsa ba ta taɓa wuce zaure ba. Sau da yawa ya zauna yana kallon asabarin nan, yana tunanin ranar da za a ɗaga masa shi. Ga shi an ɗaga. Ya so ya ruga, amma babu ɗan da ke juya wa kiran uwa baya a gaban dattawa. Ya sunkuya ya shiga.

Mairamu ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ta ajiye akushi gabansa. Sannan ta juya wajen ɗakin da kuka ke fitowa.

"Saude. Taso ki kawo ma wanki ruwan wankin hannu."

Kukan ya tsaya. Hamidu ya zuba wa akushin ido.

Sai da aka jima, sannan daga cikin ɗakin aka ji moɗa ta shiga randa.